Abdulmalik Ya Cire Ƙaya

Duk Illela in ka ce Abdulmalik Mai Waya an san wanda kake nufi, ko da yake rabonsa da kwance waya ya kai shekara biyu. Maƙwabcina ne tun tasowarmu, kuma ciwonsa ɗaya: duk abin da ya gani a rubuce, ya zauna. Ka faɗa masa da baki ya yi musu, ka buga a takarda ya ce gaskiya ne.

Rumfarsa tana layin 'yan canji, kusa da boda, kuma gwani ne, har daga Konni ake kawo masa gyara. Sai wani direba ya zo masa da littattafai biyu na wani ɗan jaridar Kaduna, ɗaya kan masu kutse a kwamfuta, ɗaya kan tsara lambu. Na farkon ya shiga ransa, ba don ɓarnar ba, don basirar mutanen. Kullum bayan la'asar ya buɗe shafi yana ba 'yan canji labarin yadda mutum zai zauna ɗakinsa ya leƙa wayar wani a wata ƙasa. Shi yana hira, su kuwa kowa na shafa aljihunsa. Ba wanda ya kira shi ɓarawo. A hankali dai wayoyi suka koma tsallaka boda, cikin wata shida ya rufe rumfa.

Abin da ya rage masa shi ne lambun mahaifinsa a Tozai, mai dashen mangwaro talatin da tsohon ya yi wa aure da hannunsa shekarar da zai rasu, ya ɗaura wa kowanne reshen iri mai kyau. Ko ƙugu ba su kai ba, amma a kansu ya ɗora duk wani fata nasa. Na ce masa ya bar littafi na biyu ya huta. Ina! Kunnen ƙashi.

Marubucin ya ce lambu ba kurkuku ba ne, shingen ƙaya muni ne, a kewaye wuri da lalle a riƙa datse shi daidai. Abdulmalik ya kwashe ƙayar da tsohonsa ya yi shekaru yana jibgewa, ya cinna mata wuta, ya dasa lallen da bai wuce taƙi ɗaya ba. A wajenmu kuwa in an gama kwashe amfanin gona, mai gari kan sa a yi shela, daga ranar dabba ta ci duk inda ba shinge, babu ƙara babu biya.

Jalo, dattijon makiyayin da rugarsa ke bayan lambun, ya leƙo ya ce, "Ɗan Malam, mi yas sa kac cire ƙayar ga? Kwana ashirin yar rage a saki bisashe."

"Baffa, wanga littahi ya ce in lallen ya tashi ya hi ƙaya kyau."

"In ya tashi. Shanu dai ba su karatu."

Abdulmalik ya ce zai yi gadi da kansa, bayan shelar kuwa ya yi kwana goma sha ɗaya yana yi. Ran sha biyu aka yi rasuwa a unguwarmu, ya zo jana'iza. Kafin ya koma, wani garke daga wajen Gidan Katta ya ratsa lambun, ya cinye dashen kaf. Ya kai ƙara wurin mai gari, aka yi masa tambaya ɗaya: ina shingenka?

Ya rubuta wa ɗan jaridar a shafinsa na intanet, inda matan Abuja ke ta sa hotunan furanninsu suna yabon littafin. Bayan sati uku amsa ta zo: yana godiya, yana jaje, amma shi gidaje masu katanga ya rubuta wa, shanu ba su taɓa zo masa a rai ba. Na ji haushi ƙwarai, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa.

Yanzu kabu-kabu yake yi. Da damina na raka shi Tozai, muka tarar kututture bakwai sun yi toho. Na fara yi masa barka, shi kuwa ya durƙusa yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Duk daga ƙasan ɗaurin suka fito, mangwaron banza ne mai zare.

Ya daɗe bai tashi ba, sannan ya ce, "Itacen yana nan. Abin da Baba yaɗ ɗaura shi ne anka cinye."