Hajiya Maimuna Mai Zannuwan Fada

Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, da hantsi, Hajara ta shigo gidana a Gyadi-Gyadi ba ko sallama. Ina ganin fuskarta na gane cewa mahaifiyarta, maƙwabciyata Hajiya Maimuna, ta amsa kiran Mahaliccinta.

Hajiya, ni ce Rifkatu, wadda kike kira Malama ko bayan na bar koyarwa. Katanga ɗaya ta raba mu tun zuwana daga Zonkwa, amma ba ki taɓa bari addini ko yare ya zama katanga ta biyu ba.

Mutanen Tarauni sun san ki da tara tsofaffin zannuwan cin abinci na gidajen sarauta: shimfiɗu, da adikai, da ƙyallayen rufe akushi masu aikin tsamiya da alharini. Na farko gado ne daga kakarki, wadda ta yi jakadiya a wani gidan sarauta. Sauran kuwa da ƙafarki kika nemo su, daga Zariya har Bida, a hannun tsofaffin da jikokinsu ke shirin mayar da su tsumman goge-goge. Ba kya karɓar zane sai an faɗa miki wadda ta saƙa shi da wanda aka shimfiɗa wa. Kina ajiye su a adaka da kanumfari, ki baza su su sha iska a inuwa. Duk haƙurinki, wanda ya kira su tsummokara sai ya ji kaifin harshenki. Malaman jami'a ma sai sun wanke hannu kafin su taɓa.

Shi ya sa ba zan manta da ranar da dangin saurayin 'yata Comfort suka zo daga Pankshin neman aurenta ba. Mijina Yohanna bai daɗe da rasuwa ba, gidan ya yi sanyi, ina tsoron su raina marainiya. Ban faɗa miki ba, kika gane. Da safe sai ga ki da farar shimfiɗar kakarki, wadda kika fi ji da ita. Na ƙi karɓa, kika ture hannuna kika shimfiɗa ta a teburina da kanki.

Baƙi suka yaba, magana ta tafi daidai. Ana cikin cin abinci kawun ango ya bugi kwano, miyar manja ta malale a tsakiyar zanen. Washegari na kawo miki shi a naɗe, na durƙusa a gabanki.

Kika warware shi, kika daɗe kina kallo. Na ga idonki ya kawo ruwa, ba zan ɓoye ba. Sai kika nuna mini wani tsohon tabo a gefe, kika ce, "Wannan miyar wani basarake ce, Malama. Ga ta surukanki kusa da ita. An dai ba su Comfort cikin mutunci?"

Na ce an ba su.

"To, zane ya yi aikinsa. Tashi."

Tabon bai fita ba. Daga ranar, duk wanda ya zo kallo, idan kin gama lissafa masa sarakai da jakadu, sai ki ɗora da sunan 'yata, kamar ita ma 'yar fada ce.

Da ciwo ya kwantar da ke, kin bar wa 'ya'yanki wasiyya kada a raba zannuwan a gado, kada kuma a hana maƙwabci aro ranar fitar kunya. Sun yi alkawarin cikawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki Abdulmalik da Hajara, da jikoki, da dukan mutanen layinmu. Allah ya ji ƙanki, Hajiya, ya yafe kurakuranki, ya haskaka makwancinki. Kin rufa wa gwauruwa asiri a ranar da ba ta da kowa. Ubangiji ya rufa miki naki, ya ba mu haƙurin rashinki. Amin.

Rifkatu Yohanna, Gyadi-Gyadi, Kano