Kan Dokin Laka

Kabad ɗin matata ne ya jawo komai. Da Allah ya yi mata rasuwa aka zo rabon gado, 'ya'yanmu mata biyu suka kwashe kwanuka da tangaran da ta shekara talatin tana jerawa, ɗaya ta yi Kano da nata, ɗaya ta yi Katsina. Kabad ɗin kuwa ya ƙi fita. A cikin ɗakin kafinta ya haɗa shi tun tana amarya, ƙofar kuma ba ta ƙara faɗi ba. Aka juya shi ta nan, aka kwantar da shi ta can, har aka ɓantare masa gefe, sannan aka haƙura aka mayar da shi mazauninsa a jikin bangon gabas. Jama'a suka watse aka bar mu, ni da kabad, kowa cikinsa fayau.

A lokacin na yi shekara biyu da ritaya daga aikin kula da sito. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jera kaya a kanta ba ya iya zama yana kallon kanta babu komai. Sai wata rana na buɗe akwatina na ciro wani tsohon gwangwani, na fito da dokin laka da ke ciki, na ajiye shi a tsakiyar kabad ɗin.

Dokin nan yayata ce ta gina min shi a Baure, ina ɗan shekara shida. Shekarar damina ta yi gardama, babanmu ya sayar da goɗiyarsa ya sayo hatsi, ni kuma baƙon dauro ya kwantar da ni, ga kukan ciwo ga kukan goɗiya. Yaya ta ɗebo laka a bakin kududdufi ta gina min doki, ta binne shi a garwashin murhu har ya gasu ya yi ja. Ba wani kyau gare shi ba. Ƙafafun gajeru ne, kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Amma ya bi ni makarantar kwana, ya bi ni wurin aiki, ya biyo ni Daura, bai taɓa ko tsagewa ba.

Da na gan shi shi kaɗai a cikin wannan ƙaton kabad sai ya ba ni tausayi. Ranar kasuwa ina wucewa wajen 'yan gwanjo na hango wani baƙin dokin roba a cikin tarin kayan wasan yara, akawal sosai, har jijiyoyin ƙafarsa an fitar. Na saya na sa a aljihun babbar riga kamar wanda ya yi sata. Daga nan fa ƙofa ta buɗe. Mai gwanjon ya haɗa ni da ubangidansa na Kano, duk ranar da ya kwance sabuwar dila sai ya turo min hotuna ta waya, in zaɓa, ya ba direba, in je tasha in karɓa. Kafin shekara biyu kabad ya cika: ingarmu, goɗiyoyi, 'yan duƙushi, farare da jajaye da masu danda.

Babbar wayar nan 'yata ce ta saya min don mu riƙa ganin juna idan ta kira. Tana kira, ba zan yi mata ƙarya ba, amma daga Juma'a sai wata Juma'ar, wani lokacin ma a tsallake. Sauran kwanakin sai na gano wa wayar wani aiki. Ashe a ƙasashen Turawa akwai manyan mutane masu furfura irina da ba su da aiki sai tara dawakin roba, kuma kamfanonin da ke yin su duk farkon shekara sai sun fito da sababbi. Na koyi lokacin fitowarsu kamar yadda manomi ya san lokacin shuka. In zauna a tabarma bayan hantsi in kalli wata tsohuwa tana buɗe kwali tana jujjuya doki a gaban kyamara, in ce, "Kai, wannan ya yi wuya mai kyau," babu mai amsa min. Na san ba zan taɓa riƙe sabo ba. Abin da ya fito bana a can sai jikokinsu sun gaji da shi, ya shekara biyar a hanya, sannan ya iso Daura da guntuwar jela. Duk da haka ina jira.

A majalisarmu ta ƙofar masallaci suka naɗa min sarautar Sarkin Dawakin Roba. Da na doso sai wani ya ce, "Ranka ya daɗe, yau an zuba musu harawa kuwa?" In ce masa kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. A yi dariya. Sau ɗaya na ja mutum guda cikinsu har ɗaki don in nuna masa yadda aka fitar da gashin wuyan wata goɗiya, ya leƙa, ya yi hamma, ya tambaye ni nawa ake sayar da buhun gero yanzu. Ban ƙara gayyatar kowa ba. Akwai ranar da na ɗauki hoton akawal ɗina na sa a shafin masu tarawa, wata mata daga ƙasar da ban ma san inda take ba ta rubuta cewa yana da kyau. Kwana uku ina buɗe wayar ina sake karantawa, kuma ina jin kunyar kaina.

Mutum ɗaya ce ke shigowa gidan nan ta zauna kamar gidan mutane ne: Yaya. Duk ranar kasuwar Daura sai ta shigo mota daga Baure, ta sayi abin da za ta saya, ta iso wurina da hantsi riƙe da ƙullin daddawa ko kuka. Ta share tsakar gida tana faɗa, ta ɗora min miyar da za ta kai ni kwana uku, ta yi azahar a ɗaki, mu yi hira har la'asar ta kama hanya. Ita kaɗai ta rage a duniya mai kira na Auta. Ranar nan ɗaya ita ke riƙe min sauran kwana shidan.

Da dawakin suka fara yawa sai na lura ta canza. Lokacin azahar na yi sai ta ɗauki mayafi ta ce bari ta leƙa maƙwabta su gaisa, ta yi sallarta a can. Daga baya ta koma tafiya tun kafin a kira salla. Rannan na tare ta a zaure na ce, "Yaya, wai me na yi miki ne?"

Ta gyara ƙullin kayanta, ba ta dube ni ba, ta ce, "Auta, ɗakin nan naka ba ya sallatuwa."

Raina ya ɓaci nan take. Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa ya shaida. Na ce, "Au, ke ma kin bi sahun 'yan majalisa? To gunkin farko da ke ciki wa ya gina shi?" Ta ɗaga kai ta dube ni, ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ta fita. Kasuwa ta zagayo ba ta zo ba. Ta sake zagayowa, shiru.

Na je wurin limamin unguwarmu na ce wai wani abokina ne ke da tambaya a kan ajiye siffar dabba a ɗaki. Liman ya san ko wane ne abokin, amma ya rufa min asiri. Ya ce malamai sun yi magana mai nauyi a kan mutum-mutumin abu mai rai, sai dai sun sassauta idan kayan wasan yara ne, ko kuma idan an cire masa kai. Sannan ya ce, "Alhaji, akwai yara a gidan abokin naka?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, babu."

Duk bayanin da ya yi babu abin da ya soke ni kamar wannan babun da na faɗa da bakina.

Wata bakwai muka yi a haka. Daga Daura zuwa Baure ba wata tafiya ba ce, mota na tashi kullum, amma na ce ita ta yi fushi ita za ta huce. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunnuwa. Ranar kasuwa in share tsakar gida da kaina, in bar ƙofar zaure a buɗe, in zauna ina jin sallamar matan da ke shiga gidajen maƙwabta. Miya ta koma ta sayen bakin titi. A cikin watannin nan sababbin dawaki suka fito a waya, na kalle su ban ji komai ba.

Sai babban ɗanta ya kira ni. Ya ce, "Kawu, idon Inna ya yi yana, ba ta gani sosai. Jibi zan kawo ta asibiti a duba, ta ce mu biya ta wurinka."

Washegari da hantsi na aro tsinken zarto wurin mai gyaran famfo, na shimfiɗa buhu a tsakar gida, na fito da dawakin duka. Na fara yanke kawunan waɗanda ban damu da su ba. Roba tana da taurin kai, sai na danne doki da gwiwa nake iya yankawa, garin robar yana zuba a ƙafata. Da na zo kan akawal na tashi na sha ruwa na dawo. Har la'asar ina abu ɗaya, hannuna ya yi kanta. Na ƙarshe shi ne na laka. Na daɗe riƙe da shi. Na ce a raina idan na bar shi ai ban yi komai ba, tunda a kansa na gaya mata magana. Shi bai buƙaci zarto ba, da yatsu biyu na ɓalle shi. Na zuba sauran kawunan a leda, nasa na sa a tsohon gwangwaninsa, na mayar da gangar jikinsu cikin kabad na jera.

Washegari suka iso kafin azahar, ɗan yana riƙe da hannunta. Ta rame. Ya zaunar da ita a ɗaki ya fita sayen magani. Muka gaisa kamar jiya muka rabu, ta tambayi yara, na tambayi jiki. Da aka kira salla na kawo mata buta, na shimfiɗa mata sallaya, na ce, "Yaya, yi sallarki a nan. Yanzu ɗakin ya sallatu."

Ta ce, "Ka matsar da kabad ɗin ke nan?"

Na ce, "Wane kabad?"

"Kabad ɗin da ke gabas mana. In na ta da salla sai in ga dawaki sun zuba min ido, in yi sujada a gabansu. Ko zane ka rataya a kai ai da ya wadatar."

Ni namiji ne, sallata a masallaci take, nafila kuwa a zaure nake yi. Shekara da shekaru ban taɓa fuskantar alƙibla a cikin ɗakin nan ba. Matata ta yi ta salla a wurin, amma a gabanta kwanuka ne. Na ce, "To me ya hana ki faɗa min haka tun farko?"

Ta ce, "Kabad ɗin marigayiya ne, Auta. Ina ganin yadda kake goge shi. Da wane bakin zan ce ka taɓa shi? Na fara neman hanyar faɗa, ka tare ni da maganar gunki."

Ta yi sallarta, ta shafa addu'a, sannan ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni nawa in ji shi. Ko ban gani ba hannuna ya san shi."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ɗauko na sa mata a tafin hannu. Ta shafa ƙafafun, ta shafa gadon bayan, yatsanta ya hau wuya ya tsaya a inda ya ƙare. Ta daɗe a haka.

"Ina kan?"

Na buɗe gwangwani na ba ta. Ta laluba ta ce, "Ga dogon kunnen nan. Innarmu ce ta ƙwala min kira ban gama daidaita shi ba." Sai ta jawo bakin mayafinta ta ƙulle kan a ciki, ta miƙo min gangar jikin. Ta ce, "Riƙe naka. In kana son wannan, ka san hanyar Baure. Wata bakwai ina zaune ina jin ƙarar kowace mota, ƙafarka ba ta karye ba."

Na je. Sau huɗu na samu zuwa, ranar kasuwa, da ƙullin daddawa a hannuna kamar yadda take yi. Duk zuwa idan zan tafi sai in ce, "Yaya, kan dokina fa?" Ita kuma ta dafe bakin mayafi ta ce, "Sai wani zuwan." Kafin na biyar aka kira ni da safe aka ce ta cika.

Bayan addu'ar uku matar ɗanta ta biyo ni zaure ta ce, "Kawu, ga abin da muka samu a ƙulle a mayafin Inna, ba mu san ko mene ne ba." Na karɓa na ce na sani.

Na rataya zane a kan kabad ɗin yanzu, ko da yake babu mai salla a ɗakin. Mai gwanjon Kano ya gaji da turo hotuna ya daina. 'Yata da ta zo ta ga dokin laka a gefe, kansa a gefe, ta ce akwai gam mai kama laka, za ta aiko min da shi. Ta aiko, yana nan a kan taga ko buɗe shi ban yi ba. Muddin kan nan bai koma jikinsa ba, ji nake da sauran zuwa Baure a gabana.