Inda Wuta Ta Lasa

Da ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata al'amarin ya fara lalacewa, a warshar ƙira ta Kawu Haruna da ke unguwar Ka'akiyya. Ina hutun makaranta, Kawu ya ba ni aikin zane da awo, duk da surutun dangi cewa wurin maƙera ba wurin mace ba ne. Ran nan ya tafi unguwar Kudai, ya bar mini farantan ƙarfe huɗu masu kaurin yatsu biyu. Ƙafafun tankin ruwa za su zauna a kansu, kuma kowanne na bukatar huda huɗu da ƙusoshin da aka riga aka binne a siminti za su shiga daidai cikinsu.

Baba Sule, tsohon mai walda ɗan Maraɗi, ya dubi alamomin da na yi da alli.

"'Yata, diril zai kai mu la'asar. In sa musu wutar gas? Kafin ki sha shayi, halas, an gama."

Na san amsar a'a ce. Tana cikin littafina, har na ja mata layi. Amma a haife ya haifi mahaifina, kuma bai san inda farantan za su ba, don ban gaya masa ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Yadda ka gani, Baba."

Wuta ta huda, amma ramukan sun fito da baki kaca-kaca, sama a tsuke, ƙasa a buɗe, biyu ma sun kauce daga alama. Muka ce bari a gyara da diril. Gefen ramin ya riga ya taurare, bakin diril biyu suka karye. Ƙarar karyewar na biyun ce ta dawo mini da muryar kakata.

Habboba muke ce mata, yadda ake kiran kaka a Sudan inda aka haife ta. Muna yara a tsohon gidanmu na Jarwal, bayan magariba takan hau da mu saman soro, ta hura gawayi a ɗan murhunta, ta ɗora gahawa mai citta. 'Yar maƙera ce, ba ta taɓa yarda wani ya fifita mata wuta. Ni ce mai zama can baya, rungume da gwiwoyina.

"Ga ta nan tafe," takan ce in za ta fara tatsuniya, "ku matsa mata ta zauna."

Wata mata ce ta samu ƙofar itacen kirya, tana so a huda mata ramin sakata saboda kura. Ƙwaro mai cin itace ya ce zai yi, amma sai kwana bakwai. Wuta ta ce, "Haba ƙawata, ni da nake dafa miki tuwo kullum? Yanzun nan." Matar ta san sakatarta siririya ce, amma ta ji nauyin Wuta, ta yi shiru. Ramin ya fito wawakeke, sakata na rawa a ciki. Kura ta zo ta tura ƙofa da hanci, ta ɗauke akuya. Da safe matar ta kira Ƙwaro ya gyara. Ya sa haƙori, haƙori ya ɓalle. Ya ce, "Inda Wuta ta lasa, ni ba na ci."

Mu yara sai mu hau zagin Wuta. Habboba ta daka mana tsawa tana dariya: "Kai, ku rufa mini baki, marasa godiya! Wa ya dafa gahawar nan? Wa ke huda ƙotar fartanya?"

Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar haƙuri ce, wai mai tafiya a hankali shi ke cin riba. Sai da na tsaya gaban farantan nan na ga ashe ba haka ba. Wutar gas tana da aikinta. Da ramin rataya ake so, ko babban rami da ba a damu da gefensa ba, da Baba Sule ne da gaskiya. A tatsuniyar mutum ɗaya ne ya san girman sakatar, kuma shi ne bai yi magana ba. Abin da na kira ladabi ya sa dattijo ya ɓata aiki da hannunsa, ya tsaya yana ba Kawu haƙuri a kan laifin da ba nasa ba.

Da Kawu ya dawo, ya juya farantan ɗaya bayan ɗaya. Ya kira mai tankin ya nemi a ƙara masa kwana uku. Na gaya masa gaskiyar yadda aka yi, a gaban Baba Sule. Ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Kwana biyu ban je warsha ba, ban iya buɗe littafi ba. A na uku, da la'asar, na sami Kawu a tsakar gida yana alwala.

"Kawu, in daina zuwa ke nan?"

Sai da ya gama wanke ƙafarsa ta hagu, ya ajiye buta.

"Sabbin farantan sun iso. Ramuka goma sha shida ne. Sule zai riƙe diril, ke za ki tsaya a kansa. In ya kauce da ƙwayar gero, ki faɗa masa da ƙarfi, don kunnensa ɗaya ba ya ji."