Bakin Tulu a Gindin Kuka

A bayan unguwarmu, can wajen Birchi, akwai wani kufai a kan tudu. Ba abin da ya rage a wurin sai duwatsun gindin rumbu, da dutsen niƙan da ya zurma don aiki, da tsingaro birjik kewaye da wata kuka. Nan kakata Inna Delu ta fara zaman aure, kafin rijiyarsu ta ƙafe su sauko.

Shekarar da Baba ya sayo garmar shanu daga Dutsin-Ma, ya ce da damina zai kwashe duwatsun ya nome wurin, tunda ƙasar kufai ba ta neman taki. Inna tana ji.

Bayan tuwo muka kewaye wutar ɗakinta yadda muka saba. Kullum sai ta fara tsokanata tana kirana maigidanta mai rowar goro, amma ran nan ba ta kula ni ba, har na ji haushi. Ta ce ga wata tatsuniya nan tafe, babu kura a ciki, babu dila.

Wata amarya ce a kan tudu ta haifi ɗan fari. Saboda kunyar ɗan fari ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kakarsa ke goyonsa. Yana fara tafiya ƙyanda ta ɗauke shi. Ko kuka ba ta yi a bainar jama'a ba. Ta dai fasa tulun aurenta, ta ba ƙanen mijinta bakin tulun ya kafa a kan kabarin, don in ta fita itace ta san inda za ta kalla.

Ƙanwata ta tambayi sunan yaron.

"Ba a hwaɗi," in ji Inna. "Uwatai ma ba ta taɓa hwaɗi ba."

Ashe Baba yana bakin ƙofa, ya zo yi mata sai da safe. Ya daɗe a tsaye kafin ya durƙusa.

"Inna, ta wane gefen kukar?"

"Gabas da ita. In awaki ba su ture shi ba, shina nan."

Da damina Baba ya nome tudun, ya bar wani ɗan fili ya kewaye da ƙaya. A lokacin na ɗauka tatsuniyar ce kawai ba ta yi daɗi ba. Sai da na binne nawa ɗan, na yi kukana kowa yana ba ni haƙuri, na gane nauyin da tsohuwar nan ta yi shekaru tana ɗauke da shi ita kaɗai, kuma tausayinta ya kama ni. Ta rasu ba ta faɗi sunan ba. In muna yi wa mamatanmu addu'a, yayan Baba muke ce masa.