Ranar da Kaka ta Zaɓi Ɗiyar Baffana

Har yau in na ji ƙamshin ɗanyar masara bisa garwashi, sai na tuna daminar da sulhu ya wargaje.

Ina da shekara goma sha biyu lokacin. An yi zaman sulhu tsakanin gwamnati da mutanen daji, muka koma ƙauyenmu kusa da Yankara, aka yi shuka da murna. Masara na fara nuna faɗa ya dawo. Sojoji suna ta wucewa, harbi yana tasowa daga bakin daji.

Wata rana da hantsi wani kawunmu ya zo daga Ƙanƙara bisa babur. Ya roƙi kakarmu ta bi shi, ta ce ba ta barin ɗakinta, sai dai ya tafi da yarinya guda ya sa ta makaranta. Mu biyu ne gabanta, ni da ɗiyar baffana, sa'ata, muna gasa masara. Ni ke ɗebo wa kaka ruwa, ni ke matsa mata ƙafa, don haka har na miƙe. Sai ta kira sunan waccan.

Ban yi wa ɗiyar baffana sallama ba. Da ta zo hutun salla da takalmi sabo, tana karanta rubutun jikin buhun taki da ƙarfi, sai na ɗauke littafinta na cusa ƙarƙashin rumbu, gara ta cinye shi. Kaka ta gane, amma ba ta tona ni ba.

Na daɗe kafin na tambaye ta dalilin da ya sa ba ni ta zaɓa ba. Tana tsince wake, ba ta ko ɗago kai ba.

"In harbi ya tashi, uwarki za ta kamo hannunki," in ji ta. "Ita wa zai kamo nata?"

Na fahimta, ɗiyar baffana marainiya ce, amma zafin bai tafi ba.

Yanzu ɗiyar baffana malamar makaranta ce, ni kuwa ina sayar da daddawa ranar kasuwa. An sake sulhu, an sake warware shi, har mun daina lissafi. Kaka ta cika, kanta bisa cinyata, a makon da aka rufe hanya, ba wanda ya iya zuwa daga gari.

Duk sanda muka haɗu sai malama ta tambaye ni abin da kaka ta faɗa a ƙarshe. Nakan gaya mata kaɗan, in riƙe saura. Shi kaɗai ne abin da nike da shi wanda ita ba ta da.