Tayoyin da Suka Hau Rufi

Tsofaffin tayoyi nake sayarwa a Mararaba, ban taɓa zaton za a nemi taimakona a harkar lafiya ba. Wata malamar asibiti mai sayen taya a wurina ce ta jawo ni. Ta ce yaran 'yan gudun hijira a Kuchigoro wuni suke a zaune, ba wasa ba guje-guje, har jikinsu ya mutu, in saya musu ƙwallo. Na ce ƙwallo ƙusa ɗaya ta ishe ta, amma taya sai dai yaro ya girma ya bar ta. Na lodi waɗanda suka suɗe a a-kori-kura, na je na raba, na yi wa yaran alkawarin gasar gare.

Da na koma, babu taya ko ɗaya a ƙasa. Na ɗaga kai na hango su reras a kan rufin ɗakuna, sun danne tamfol. Shugabar matan, wata dattijuwa mai kaifin baki, ta tarbe ni da murna.

"Alhaji, Allah ya saka. Bana iska bai ɗauki rufin kowa ba."

Yaran kuwa suka tsaya suna kallona kamar na yaudare su.

Bayan damina na kai tayoyin babur, na ce waɗannan ba su da nauyin riƙe rufi. Ashe daidai suke da gindin randa. Kowace randa ta samu kujera, yara suka koma zama.

Shekara ta zagayo, na je da tayar tirela guda ɗaya tal. Dattijuwar ta zagaya ta, ta gwada ɗagawa ta kasa, ta tambaye ni ko tana riƙe ruwa, saboda agwagi. Na ce tana yoyo. Ta ce to a bar wa yara.

Sai da yaran suka taru a kan tayar, maza da mata, suna nishi suna ihu, kafin ta miƙe tsaye. Abin da ban lura da shi ba, filin gangare ne. Taya ta ƙwace ta nufi wurin da ake suyar ƙosai. Na tattare babbar riga na bi ta da tumbina, hula ta yi nata wuri, yara suka rufa min baya. Taya ta kauce wa kasko ta faɗa kwata, ni kuma na zube a gefenta ina haki.

Yaran suka ce ni na zo na ɗaya, don haka ba su yarda ba, a sake. Suka mirgina ta sama da kansu. Ranar ba su zauna ba har aka kira magariba.