Layin da Na Ƙi Cikawa a Takardar Rakiya

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da na ƙi cika layi ɗaya a takardar rakiya ba, kuma ba na fatan in manta. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kuna jin ana cewa Malam Mutari ya taɓa karɓar takardar neman bayani, kuna mamaki. Gaskiya ne. Ita kaɗai na karɓa a tsawon aikina, kuma ni da hannuna na ba ta lamba. Ga yadda abin ya kasance.

A lokacin ni ne sakataren ajiyar takardu a biro, wato ofis, na wata ƙungiyar agaji a nan Diffa. Domin wanda bai san aikin ba, duk saƙon da zai fita daga biro sai an haɗa shi da takardar rakiya, wadda muke kira bordero. A cikinta ake jera abin da aka aika ɗaya bayan ɗaya, a buga hatimi, shef, wato shugaban biro, ya sa hannu. Kwafi uku ake yi: ɗaya ya bi saƙo cikin ambulan, ɗaya ya zauna wurina, ɗaya a teburin shef. Sannan a kwafe abin da ke ciki a littafin aike, wanda ke zama a ɗakin mai gadi domin direbobi su sa hannu. Ina da magana guda wadda duk sabon ma'aikaci ya haddace daga bakina: abin da ba a rubuta ba, ba a aika shi ba.

Mutumin da zan kira Ba Modu, ko da yake ba sunansa ke nan ba, manomin tattasai ne daga wancan ƙetaren kogin Komadugu. Ya tsallako da iyalinsa bayan an ƙone garinsu, ya zauna a Assaga, matsugunin ƴan gudun hijira. Ya ga waɗanda suka nuna wa maharan gidaje, ya kuma faɗa wa jami'armu mai kula da kare ƴan gudun hijira sunayensu, bisa alkawarin cewa ba wanda zai san daga bakinsa maganar ta fito. To amma dangin wasu daga cikin waɗanda ya ambata suna zaune a Assagar, bukkarsu ba ta da nisa da tasa. Wata Juma'a bayan an idar da salla, wani ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, ya ce masa, "Mun ji wani yana yawan zuwa wurin masu rubutu. Allah ya sa ba kai ba ne." Sai aka yanke shawarar mai da shi sansanin Sayam Forage cikin motocin ranar Alhamis. Sharaɗin ɗaya ne: dosiyensa, wato fayil ɗin bayanansa, ya isa hannun Madam Yagana, wadda ke tsara jerin masu shiga sansanin, kafin azahar ɗin Laraba. In lokaci ya wuce, sai ayarin wata mai zuwa, kuma babu wanda ya yarda Ba Modu zai ga wata mai zuwa a Assaga.

Dosiyen yana cikin ordinata, wato kwamfuta, da muryarsa da aka naɗa, da hotunan iyalinsa. A nan ma sai na yi bayani. Ordinata ba jinsi ɗaya ba ce. Kowace tana da tsarin da ke tafiyar da ita, mu kuwa da alamar da ke jikinsu muke kiran su. Namu na biro masu taga ne. Ta Madam Yagana mai tuffa ce. Fanna, ma'aikaciyarmu mai kula da na'urori, tata mai tsuntsu ce, tana kuma kallon sauran biyun yadda mai doki ke kallon mai jaki. Ranar Litinin jami'armu ta zuba dosiyen a kile, wato ɗan ƙaramin ma'ajin nan da ake soka wa ordinata, ta kulle shi da kwadon da ke cikin tsarin mai taga, ta kai Sayam da kanta. Da Madam Yagana ta soka shi, na'urarta ta ce ba ta san wannan abu ba, ta kuma tambaya cikin ladabi ko ana so ta goge shi. Jami'armu ta komo da kayanta. Washegari da sassafe aiki ya kai ta Yébi, ta bar mana amanar.

Da ƙarfe takwas muka zauna a biron Shef Abari, ni da shi da Fanna.

Shef ya ce, "To a cire kwadon mana. A ɗauki hoton shafukan a tura mata ta gurup ɗin waya. Minti biyu an gama."

Na ce, "Shef, ku yi mini izini. A gurup ɗin nan akwai direbobi uku da suka bar aiki, akwai mai kawo mana ruwa, akwai kuma wata lamba da har yau ba a san mai ita ba."

"Kai kullum sai ka ƙirga mutane."

"Aikina ke nan, Shef."

Fanna ce ta raba gardamar. Ta ce laifin ba na mai taga ba ne, ba kuma na mai tuffa ba; kowace da irin kwadonta, kamar yadda makullin gidanka ba ya buɗe gidan maƙwabci. Abin yi shi ne a nemi kwadon da ba na kowa ba. Akwai manhajar da ke aiki a kan dukan ukun, tana mai da takarda shirme tsantsa, ba ta komawa daidai sai an ba ta kalmomin sirri. Ta kulle dosiyen da ita, ta zuba a sabon kile, ta ajiye manhajar da ta dace da mai tuffa a gefensa. Ta gwada buɗewa a tata na'urar, ta gwada a tawa, duk ya buɗe. Rezo, wato layin sadarwa, a Sayam ba ya ɗaukar murya da hotuna, don haka kilen zai bi Kiari direba. Kalmomin sirri kuwa biyar ne, babu abin da ya haɗa ɗaya da ƴar'uwarta. Ta rubuta su a ƴar takarda ta miƙo mini, ta ce in haddace in ƙone.

Na ɗauko bordero. Layi na farko na rubuta: kile guda ɗaya, a kulle, sai lambar dosiye, babu suna. Shef ya leƙo ya ce, "Layi na biyu, kalmomin sirri. Rubuta su, kada gobe ta ce ba mu aiko ba."

Ba zan yi muku ƙarya ba, alƙalamina ya riga ya sauka a kan takarda. Ba don shef ya faɗa ba. Don hannuna ya saba, abu biyu za a aika, layi biyu za a cika. Sai Fanna ta ce, "Baba Sakatare, in ka kulle rumbu, a jikin ƙofar kake rataye makullin?"

Na ɗaga alƙalamin. Na tuna kwafi uku. Na tuna littafin aike a ɗakin mai gadi, wanda duk mai jiran shiga yake buɗewa don rage zaman banza.

Na ce, "Shef, ku yi haƙuri, ba zan rubuta ba."

Ya ce, "Malam Mutari, wa ya koya mana cewa abin da ba a rubuta ba, ba a aika shi ba?"

"Ni ne."

"To?"

"To yau zan aika abu ba tare da na rubuta shi ba. Da bakina zan faɗa mata ta waya, in kilen ya shiga hannunta."

"In ta musa fa? In masu bincike suka zo fa? Ni za a tambaya, ba kai ba."

Tsoronsa ba na banza ba ne, na san haka. Amma na rubuta a layi na biyu: abu guda, za a isar da baki. Ya karanta sau biyu, ya sa hannu, ya ce in kawo takarda in rubuta wa kaina neman bayani bisa ƙin bin umarni. Na rubuta, na ba ta lamba, ya sa hannu. Ƙarfe goma Kiari ya tashi da ambulan biyu: na Sayam, da wani na Assaga mai ɗauke da jerin waɗanda za a raba wa tabarmi da bokitai. Dukansu ruwan ƙasa ne, girmansu ɗaya, hatiminsu ɗaya. Wannan kuskuren nawa ne, kuma na rubuta shi a matsayin nawa.

Wajen ƙarfe biyu Madam Yagana ta kira. Ta ce, "Malam Mutari, na gode da tabarmi da bokitai. Ina dosiyen?"

Duk wanda ya yi aiki a Assaga ya san al'adar wurin. Saboda zargin da ake yawan yi kan jerin rabon kaya, komitin mazauna ya kafa doka: ambulan ɗin da ya zo daga biro, ba a buɗe shi a ɗaki. Shugaban komiti zai tara jama'a a rumfa, ya yage shi a gabansu, ya karanta duk abin da ke ciki da ƙarfi, da Kanuri da Hausa. Al'ada ce mai kyau, ni ma na sha yaba ta. A ranar ban yaba ba.

Na shiga na faɗa wa shef cewa ambulan ɗin Sayam ya tafi Assaga.  Ya ɗauki makullin motarsa, shi ya tuƙa mu.

Mun tarar da rumfar cike. Shugaban komiti, dattijo mai farar hula, yana riƙe da borderona. Kilen kuwa yana soke a ordinatar mai cajin wayoyi, wadda aka ɗauko aka ɗora a kan benci. Dattijon bai jira mun gama gaisuwa ba.

Ya ce, "Shef, tun hantsi muke nan. Mun karanta takarda, babu sunan kowa. Muka ce sunayen suna cikin abin nan. Muka sa shi, ya ce a ba shi kalma. Mun ba shi sunan bironku, ya ƙi. Mun ba shi ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya ƙi. Har sunanka mun ba shi."

Wani daga baya ya ce, "Da Alhajin a gaban sunan, da babu Alhajin!" Jama'a suka yi dariya.

Dattijon ya ɗaga takardar ya sake karanta layi na biyu da ƙarfi. "Abu guda, za a isar da baki. Bakin wa? Wane irin sakatare gare ku, da zai aiko kaya ya manta makulli? Ni da ni ne kai, da na sallame shi."

Shef Abari ya juyo ya dube ni. Ni kuwa jama'a nake dubawa. Ban san fuskar Ba Modu ba, ban taɓa buɗe hotunansa ba. Na san dai yana cikin waɗanda ke zaune a rumfar, haka ma mutumin da ya riƙe masa hannu. Da na cika layin nan, da tun hantsi muryarsa ta fito daga kan bencin, tana jera sunaye a gaban masu sunayen.

Shef ya yi gyaran murya ya ce, "Baba, takardun mota ne, an yi kuskuren ambulan. Jerinku zai zo gobe. Sakataren kuwa, an riga an ba shi takarda." Dattijon ya ce haka ya kamata. Na zare kilen da hannuna, na karɓi borderon, na sa dattijon ya sa hannu cewa ya mayar.

A hanyar komowa, da muka shigo gari, shef ya tambaye ni. Ya ce, "Kalmomin nan, ka ƙone takardar?" Na ce tun ƙarfe tara.

Fanna ta ce kilen da ya shiga na'urar da ba mu sani ba ya gama aiki. Ranar Laraba da sassafe ta shirya sabo, da sababbin kalmomi. Kiari, wanda ya komo jiya fuska a murtuke, ya tashi da ambulan ɗaya tak, na rubuta SAYAM a jikinsa da jan alƙalami gaba da baya. Ƙarfe goma sha ɗaya Madam Yagana ta kira ta ce yana hannunta. Na shiga ɗakin ajiya na rufe ƙofa. Na fara tambayar ta lambar borderon, don in tabbatar ita ce kuma saƙon ne. Sannan na faɗa mata kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Rezo ya yanke a ta huɗu, na sake kira. Na ji ƙarar maɓallai, sai ta ce, "Ya buɗe." Ba a kira azahar ba tukuna.

Ranar Juma'a jerin waɗanda suka isa Sayam ya zo. Lambar dosiyen tana ciki, mutum bakwai, duk lafiya.

Takardar neman bayani kuwa ba ta janyuwa, domin ta riga ta sami lamba, kuma ni ba na goge lamba. Na amsa ta da layi uku, shef ya rubuta "an gani" a ƙasa, na ajiye a dosiyena. Mako guda bayan haka ya fitar da sanarwa ga dukan ma'aikata: daga yau dosiye da kalmomin sirrinsa ba sa bin hanya ɗaya, ba a rubuta su a bordero, ba a tura su ta gurup, kuma kafin a aika a tambayi irin na'urar mai karɓa. Sanarwar ta fara da cewa shugabancin biro ne ya lura da wannan. Ita ma na ba ta lamba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na'urori ukun ba su ba mu wahala ba. Cikin rabin sa'a Fanna ta sasanta su. Abin da ya kusa kashe mutum kyawawan al'adunmu ne: ni da rubuta komai, shef da tsoron bincike, dattijon Assaga da karanta komai a bainar jama'a. Babu mugu a cikinmu ko ɗaya. Har yau ina faɗa wa sababbi cewa abin da ba a rubuta ba, ba a aika shi ba, sai dai na ƙara musu da cewa mai ajiyar takardu ba don takarda aka ɗauke shi ba, don mutumin da ke cikinta ne. Wanda ke son ganin layin, yana nan a littafin aike na shekarar, shafin dama, da rubutuna. Sunan Ba Modu na gaskiya kuwa, ba ya cikin littafin, kuma ba za ku ji shi a bakina ba.